Gashin Kai: Halittarsa da Yadda Za A Kiyaye Shi

Lacca ga Hakiman ƙasar Katsina da malamansu

  

Na sani da a ka ce laccar yau a kan gashin kai ta ke, waɗansunku sun yi murmushi a zuci, sun ce ina ruwan mai rawani da kitso? Wannan ai zancen cikin gida ne, tsakanin mata da makitsiyarsu. Gaskiya ne. Amma kowane ɗayanku yana da 'ya'ya mata da jikoki. A ƙasar kowane ɗayanku akwai wanzaman da a ke miƙa wa jariri ran suna, akwai makarantun allo inda yara su ke kwana bisa tabarma ɗaya, akwai kuma kasuwanni inda a ke sayar da mayukan da mai saye bai san abin da ke cikinsu ba. Abin da mai unguwa ya faɗa a ƙofar masallaci da la'asar, kafin lisha ya shiga kowane gida, alhali kuwa takardar likita sai ta shekara ba ta wuce ƙofar asibiti ba. Dalilin da ya sa muka kawo zancen gabanku ke nan.

Da fari ya kamata a san gashi abu biyu ne. Akwai silin da ido ke gani, akwai kuma saiwar da ke binne cikin fatar kai. Silin nan ba shi da rai: ba jini cikinsa, ba jijiya, shi ya sa a ke aske shi mutum bai ji kome ba. Saiwa ita ce mai rai, tana zaune cikin wani ɗan rami, jini yana kawo mata abinci, ita kuwa tana saƙa silin tana turo shi waje. Misalinsu kamar bedi ne. Ka sassare rassansa ƙaf, da damina ta faɗi sai ya yi toho. In kuwa gara ta cinye saiwar, kome ruwan da ka zuba masa ya tafi ke nan. Haka gashi ya ke. Wanda ya karye zai dawo. Wanda saiwarsa ta mutu, ramin ya toshe ya zama tabo, babu man da zai komo da shi, ko na kanti ko na gargajiya, kome tsadarsa. An kuwa haifi mutum da iyakar ramukan da zai samu ke nan har ya koma ga Allah, misalin 100,000 a kai guda, ba a ƙara masa ko ɗaya daga baya.

Kowane sili yana da nasa wa'adi. Ya kan yi shekara 2 zuwa 6 yana tsawo, sa'an nan ya tsaya, ya huta misalin wata 3, ya faɗi, sabo ya fito daga ramin nan. Saboda haka zubar gashi 50 zuwa 100 a yini ba ciwo ba ne. Matar da ta yi wata guda da kitso, ran tsifa ta ga gashi cike da hannu, kada ta tsorata, gama na kwana 30 ne ya taru, kitso ya riƙe shi. Haka kuma mai jego, ko wanda ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani: bayan wata 2 zuwa 4 sai gashi ya yi ta zuba. Wahalar da jiki ya sha ce ta sa saiwoyi da yawa suka shiga hutu tare. Mafi yawa kafin shekara ta kewayo ya dawo da kansa, ba tare da an sha kome ba. Nan ne masu tallar magani su ke cin kasuwa, don an shafa nasu, gashi ya dawo, sai a ce aikinsa ne.

In an sa sili guda a madubin likita mai girmama abu, sai a ga bayansa lulluɓe da ɓawo ɓawo, wani bisa wani, kamar yadda a ke jera ciyawa wajen baibayar ɗaki. Muddin suna kwance lafiya, gashi yana sheƙi, laimar da ke ciki ba ta fita. In sun tashi ko sun ɓaɓɓalle, sai ya bushe ya yi kaushi. A ƙarƙashin ɓawon nan akwai zarurruka murɗaɗɗu kamar igiyar rama, an yi su da abin da masana ke kira keratin, shi ne dai abin da a ka yi farce da ƙaho da kofato da shi. Abin da ya ɗaure zarurrukan da juna farar wuta ce. Kowa ya san warin babbakar kan rago ran Salla. Warin farar wutar da ke cikin gashi ke nan. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa in mun zo zancen man miƙar da gashi.

To, me ya sa gashin Bature ya ke kwance, na Basine ya ke miƙe sambal, namu kuwa ya ke nannaɗe? Asalin abin yana cikin ramin. Ramin gashi miƙaƙƙe shi ma miƙaƙƙe ne, silin da ke fitowa daga ciki kuwa kewayayye ne kamar tsinke. Ramin gashinmu lanƙwasasshe ne kamar ƙugiya, silinsa kuma yana da faɗi ta gefe guda kamar kaba, yana fitowa yana murɗewa. Gado ne, kamar tsawo da launin fata. Dā Turawa sun kasa gashin 'yan Adam kashi uku kawai, na Afirka, na Turai, na Asiya. A shekarar 1997 wani mai gyaran gashi a Amurka, Andre Walker, ya fito da lissafin 1 zuwa 4, wanda 'yan matan zamani su ke ambata in sun ce gashinsu lamba 4 ne. A 2007 kuma masu bincike a Faransa suka auna gashin mutum 1,442 daga ƙasashe 18, suka ga ya kasu iri 8, daga miƙaƙƙe ƙwarai zuwa nannaɗaɗɗe ƙwarai. Mu nan ba mu bukatar wani ya gaya mana wannan. Wanda ya zauna kasuwar Jibiya ko ta Mashi ran ci, ya ga gashin Bafillatana, da na Buzuwa, da na Bahaushiya, ya san ba a taru a ka zama ɗaya ba. Har cikin ɗaki guda a kan sami 'yan'uwa biyu, ɗaya mai laushin gashi, ɗaya mai tauri. Amfanin lissafin nan ɗaya ne: gwargwadon nannaɗewar gashi, gwargwadon lallashin da ya ke bukata.

Kada wani ya ɗauka nannaɗaɗɗen gashi naƙasa ce. A 2023 wata masaniya mai suna Tina Lasisi da abokan aikinta suka sa wa mutum-mutumi gashi iri iri, suka haska masa fitilu masu zafi kamar rana, suka auna. Suka tarar nannaɗaɗɗen gashi ya fi kowane iri kare ƙoƙon kai daga zafin rana, don yana tsayawa ya bar iska tsakaninsa da fata, kamar rumfa. Wanda ya taɓa tafiya a ƙasa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Batagarawa cikin watan Afrilu ya san darajar wannan.

Amma kowace halitta da raunin da ke tare da ita. Na farko, duk inda sili ya lanƙwashe, nan ne ya ke da saukin karyewa, kamar waya da a ka yi ta lanƙwasawa. Na biyu, yana ƙulle kansa da kansa. Wata likitar fata ta Afirka ta Kudu, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ta duba gashin da mataji ya ɗebo a shekarar 2000, ta ga kashi 10 zuwa 16 cikin 100 na gashin baƙar fata yana da ƙulli, na sauran jinsuna kuwa ko kashi 1 bai kai ba. Da mataji ya iske ƙullin sai ya tsinke shi. Na uku, fatar kai tana fid da maiƙo nata na halitta. A miƙaƙƙen gashi yana gangarawa har baki, a namu kuwa kwanoni sun yi masa yawa, ba ya kai ko'ina. Ga kuma hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke tsotse laimar kome, har leɓe da diddige su na tsagewa. Na huɗu, tsironsa ba shi da sauri. Wani bincike na 2001 ya nuna gashin mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya yana ƙara misalin milimita 8 a wata, watau wajen sulusin inci, na Turawa kuwa milimita 12. A shekara inci uku da rabi ke nan ko ya ɗara kaɗan. Matar da ta ce gashinta ba ya tsawo, yana yi. Abin da saiwa ta ba ta ne mataji ya ke karɓewa ta baki.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kada a taje gashi a bushe ƙayau. A yayyafa masa ruwa, a shafa ɗan mai, a warware da yatsu, sa'an nan a sa mataji mai manyan haƙora, a fara daga baki a gangara zuwa tushe. A wanke kai sau ɗaya a mako, in ya daɗe mako biyu, ko da kitso a kai. Garin sabulun wankin tufafi da sabulun soda ba na kai ba ne, su na tayar da ɓawon nan da na faɗa. Sabulun salo yana wankewa, amma shi ma yana da kaifi, sai a yi kaɗan a ɗauraye sosai. Mai kuwa, ko na kaɗanya, ko na kwakwa, ko man shanun da kakanninmu suka saba, ba ya sa wa gashi laima, tsare wadda ke ciki ya ke yi. Saboda haka ruwa a ke fara sawa, mai ya biyo baya. A jikin gashin a ke so a shafa shi. In an cika shi a fatar kai, sai ƙwayoyin da ke kawo amosani su sami abinci, ƙaiƙayi ya ƙaru, mace ta ƙara mai, abu ya yi ta zagayawa.

Yanzu na zo kan kitso, kuma a nan zan daɗe, gama nan ne ɓarnar ta fi yawa.

Kitso kansa alheri ne ga irin gashinmu. Yana tattara shi wuri ɗaya, ya hana shi sarƙewa, ya hutar da shi daga mataji. Matan dā masu doka da shuni ba su yi kuskure ba. Abin da ke ɓata shi ja ne. In makitsiya ta ɗaure da ƙarfi, kowane sili yana fisgar saiwarsa dare da rana, har mako huɗu ko shida. Saiwa ta kumbura, ƙananan ƙuraje su fito a bakin tsaga. Aka tsefe, ko kwana ɗaya ba a huta ba aka sake wani bisa tsaga ɗaya. A shekarun farko gashin yana zuba yana dawowa. Daga baya sai ramukan su gaji, su toshe, fata ta yi sumul tana ƙyalli. Wurin da abin ke fara ci shi ne gaban goshi da gefen kunne, don gashin nan ya fi kowane siranta, kuma shi makitsiya ta fi matsa wa, wai don kitso ya fita. Sau da yawa a kan ga 'yan gajerun gashi sun rage a layi ɗaya a bakin goshi, bayansu kuwa fili. Waɗannan sun tsira ne don gajartarsu ta hana yatsa kama su. Wanda ya ga wannan alama ya san aikin ja ne.

Kada ku ce abin kaɗan ne. Ita dai Farfesa Khumalo, a binciken da ta buga a 2007 daga wata unguwar baƙar fata ta birnin Kef Tawun, ta tarar 'yan mata 17 cikin 100 na makaranta sun riga sun fara rasa gashin goshi ta wannan hanya, a cikin manyan mata kuwa kusan 32 cikin 100, watau mace guda cikin uku. Waɗanda abin ya fi ci su ne waɗanda suka sa man miƙarwa, sa'an nan suka ɗora kitso ko ƙarin gashi a kai. Wannan lissafin wata ƙasa ne, amma irin gashin ɗaya ne, irin kitson ma kusan ɗaya ne. Kowa ya koma gida ya dubi goshin 'ya'yansa in sun tuɓe ɗankwali.

Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne zafi. Mun taso muna ji a na ce wa yarinya ta yi haƙuri, ado sai da wuya, in ta yi kuka a dungure mata kai, ta tashi gira a ɗage, ta kwana uku ba ta iya sa kai bisa matashi, har a sayo mata maganin ciwon kai. A ganina wannan ba tarbiyya ba ce, ɓarna ce da a ke biyan kuɗi a yi. Kitson da ya sa ciwon kai, ko ya tattaro fata ta yi tudu a tsaga, ko ya fid da ƙuraje, a kwance shi ran nan, kada a ji asarar kuɗin. A sassauta hannu a goshi da ƙeya. Kitso manya ya fi ƙanana sauƙi ga saiwa. Shuku da ke ja sama ko yaushe, a riƙa sāke shi da wanda ke kwantawa baya ko gefe. Kalaba mai tsawo da a ka yi wa ƙari nauyinta yana rataye ne a 'yan silin da ba su fi a ƙirga ba. Kowane irin kitso kada ya wuce wata biyu, a kuma bar kai ya sha iska 'yan kwanaki kafin a sake. Robar da a ke tamke gashi da ita a ƙeya, da ɗankwalin da a ke ɗaurewa tamau a wuri ɗaya kullum, su ma su na yin irin wannan aiki a hankali. Lokacin da ya fi hatsari shi ne jajibirin Salla da bikin aure, sa'ad da makitsiya ke da layi, uwa kuma tana so kitso ya kai wata bai tashi ba.

Makitsa ba mugaye ba ne. Su na matsawa ne don in kitso ya yi saurin tsufa, su a ke zagi. In uwaye suka daina neman mai tsauri, su ma hannunsu zai huta.

Sai man miƙar da gashi, wanda mata ke kira rilaksa. Mafi yawansa da soda a ke yi, irin wadda a ke dafa sabulu da ita, ko 'yar'uwarta. Aikinsa shi ne ya tsinke ɗaurin farar wutar nan da ke riƙe da zarurrukan sili, sai gashi ya saki ya kwanta. Ɗaurin da ya tsinke kuwa ba ya komawa yadda ya ke, saboda haka gashin da a ka miƙar ya fi na asali rauni har abada. Abin da ya narka gashi, fata ma ba ta gagare shi ba. Mata da yawa su na ɗauka zafin da su ke ji alama ce mai yana aiki, alhali ƙuna ce. Wadda ta ga lalle sai ta yi, to, kada ta maimaita kafin wata biyu zuwa uku, a shafa shi a sabon tsiro kaɗai, kada a wuce mintocin da a ka rubuta a jikin kwali, kada a sa a kan da ke da ƙurji ko susa, kada kuma a yi kitso sai bayan mako biyu. Yara ƙanana kuwa a ƙyale su sam. Akwai kuma wani labari da ya kamata ku sani. A watan Oktoba na 2022, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta buga sakamakon bin mata 33,497 na wajen shekara 11. Cikin waɗanda ba su taɓa amfani da irin waɗannan mayuka ba, an ƙiyasta ƙasa da 2 cikin 100 za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70. Cikin masu yi fiye da sau 4 a shekara, 4 cikin 100. Masu binciken ba su ce sun tabbatar man ne ya jawo ba, sun ce tafiyarsu ɗaya. Mai hankali dai ya ji wannan ya rage.

Ƙarfe mai zafi ɗaurin wucin gadi ya ke kwancewa, shi ya sa da gashi ya ji ruwa sai ya koma yadda ya ke. In an sa shi a jiƙaƙƙen gashi, ruwan da ke cikin sili ya kan tafasa ya fasa shi daga ciki. Rinin baƙi kuma, wanda masu furfura ke sawa, maza da mata, da wanda a ke gauraya wa lalle don ya yi baƙi ƙirin, yana da wani sinadari da a ke kira PPD, mai kumbura fuska da fatar waɗansu mutane. A gwada kaɗan a bayan kunne, a jira kwana biyu. Lallen gargajiya na ganye, mai ja, ba shi da wannan. Kowane mai ko rini da ba shi da lambar hukumar NAFDAC, ko a ka ɗura shi a kwalba marar suna, a bar wa mai shi kayansa.

Kada maza su ce sun tsira. Bari in fara da abin da zai faranta muku rai: hula da rawani ba su sa sanƙo. Sanƙo gado ne, tare da aikin sinadarin mazakuta a kan saiwoyin tsakar kai. Aski kuma ba ya sa gashi kauri ko yawa. Tun 1928 wata masaniya a Amurka, Mildred Trotter, ta auna ta tabbatar. Bakin da aska ta yanke ne ya ke da kaushi a hannu. Abin da ke damun maza shi ne aski ƙwal. In an yanke nannaɗaɗɗen sili daidai da fata, bakinsa ya yi tsini, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fatar, ƙurji ya tashi. A haɓa su kan warke. A ƙeya kuwa su kan taru su yi tauri su zama tudu, gashi ya ƙaurace wa wurin. Mai irin wannan ya bar aski ƙwal, a riƙa rage masa sama sama, ya kuma je asibiti tun ƙurajen su na ƙanana.

Babban abin tsoro wajen aski jini ne. A wani bincike da a ka buga a 2018, an tattara injin aski 50 daga shagunan Kef Tawun, a ka gwada: 42 cikin 100 akwai jini a jikinsu, 4 daga cikin 50 ɗin nan kuwa akwai alamar ƙwayar ciwon hanta mai lamba B. Ƙwayar nan tana iya kwana bakwai a jikin ƙarfe ba ta mutu ba. A Nijeriya, ƙidayar da gwamnati ta yi a 2018 ta nuna misalin mutum 8 cikin 100 na baligai su na ɗauke da ita, mafi yawa ba su sani ba. Jaririn da ya kamu da ita, 9 cikin 10 ba su rabuwa da ita, waɗansunsu kuwa bayan shekaru ta kan fito musu da kumburin ciki ko sankarar hanta. Ku dubi ran suna: kan ɗan kwana bakwai, fatarsa kamar takarda, da askar da ta fito daga zabira. Wanzamai mutanen kirki ne, sana'arsu ta gado ce mai daraja, ba kuwa wanda ya ce a raba su da ita. Abin da a ke roƙo shi ne sabuwar reza ga kowane kai, a ɓare ta gaban mai gida. Askar ƙarfe kuwa a wanke ta da sabulu, a tafasa ta cikin ruwa minti 20; goge ta a fata ko a tsumma ba tsabta ba ce. Allurar rigakafin ciwon hantan nan tana cikin alluran yara na kyauta tun 2004, ta farko kuwa a na so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, watau tun kafin wanzami ya zo. A nan Sarkin Aska ya fi kowane likita amfani. Hakimi ya kira shi ya gaya masa, shi kuma ya tara mutanensa.

Ta hanyar aska da mataji da hula da tabarma ne kuma ƙora ke yaɗuwa, wadda waɗansu ke kira makero. Ku shiga kowace makarantar allo ko firamare, za ku ga yara da fararen tabo kewayayyu a kai, gashin wurin ya kakkarye. Wani irin naman gwari ne ƙanƙane da ido ba ya gani, yana shiga har cikin sili da raminsa. Don haka man shafawa kaɗai ba ya kai gare shi. Sai maganin sha, irin su griseofulvin, wanda likitoci ke ba da shi tun 1958, a sha mako 6 zuwa 8 ba fashi. Kankare wurin da aska har ya yi jini, ko shafa ruwan batir, ko toka, ba abin da su ke yi sai ƙara miki. In an bar ta ta kumbura ta yi ruwa, yaro ya kan tashi da tabo har tsufansa. Ƙwarƙwata kuma, don Allah a gargaɗi mata kada su zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwarin gona ko kananzir a kai. Guba ce mai ratsa fata ta shiga jini, an kuwa yi asarar rayuka ta wannan hanya. Akwai maganinta a kantin magani, ga kuma mataji mai ƙananan haƙora.

Akwai lokacin da gashi ke ba da labarin abin da ya fi shi girma. Saiwar gashi tana cikin sassan jiki masu saurin aiki, in abinci ya gaza kuwa ita jiki ke fara yanke wa rabo. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 su na da ƙarancin jini. Irin waɗannan wake da zogale da hanta da ƙwai za su yi wa gashinsu abin da man kanti ba zai yi ba. A yara abin ya fi tsanani. Tun 1933 wata likita, Cicely Williams, da ke aiki a ƙasar da yanzu a ke kira Gana, ta bayyana ciwon yaran da a ka yaye bisa kunu zalla. Cikin alamunsa, gashi ya kan yi ja ja, ya miƙe, ya yi laushi, in ka ja shi ya tuge ba zafi, ƙafafu kuma su kumbura. Tamowa ke nan mai tsanani. Ba labarin wata ƙasa ba ne: a watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa cewa yara 652 sun rasu da tamowa a wuraren jinyarta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Dagaci ko mai unguwa ba ya bukatar ma'auni kafin ya gane jan gashi a kan yaro goye a bayan uwarsa. Wanda ya gani, kada ya ce gado ne ko rana ce ta ƙona shi. A danna bayan ƙafar yaron da yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, ran nan a kai shi asibiti, kada a kwana.

Malamai magatakarda, aikinku shi ne ku rubuta wannan a taƙaice, da boko da ajami, ku aika wa dagatai, daga ƙasar Ƙaura a Rimi har ƙasar Galadima a Malumfashi. Zancen aski ya bi ta hannun Sarkin Aska, na ƙora ta hannun alarammomi da shugabannin makarantu. Na kitso da mayuka kuwa, tun da ba namiji ne zai shiga ya faɗa ba, a bi ta ungozomomi, da malaman Islamiyyar matan aure, da manyan makitsa na kowace unguwa. Matan gidan Hakimi in sun fara, sauran za su bi. Wanda gashinsa ke zuba daga tsakar kai yana faɗaɗa, ko wurin ya yi sumul, ko yana zafi ko ruwa, ya fara zuwa asibitin da ke kusa da shi, in abin ya fi ƙarfinsu su tura shi Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. In zai tafi ya riƙa kwalin man ko rinin da ya yi amfani da shi, don likita ya karanta abin da ke ciki.

 Mai tambaya sai ya yi.